Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga NUC, TETFund da Shugabannin Jami'o'inmu: A Sakar Wa Ɗalibai Littattafan da Kuɗin Jama'a Ya Biya

Zuwa ga Babban Sakataren Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC,
da Babban Sakataren Asusun Tallafa Wa Manyan Makarantu, wato TETFund,
da Shugabannin Jami'o'in Gwamnati, musamman namu na Arewa.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, ina gaishe ku gaisuwar girmamawa, tare da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da duk waɗanda Allah ya ɗora muku nauyinsu.

Ni ma'aikacin laburare ne a ɗaya daga cikin jami'o'in gwamnati na Arewa, kuma buƙata ɗaya ce ta sa na rubuto muku. Duk littafin karatu ko jagoran darasi ko kundin bincike da aka samar da kuɗin gwamnati, a sake shi da lasisin da ya halatta wa kowa ya karanta, ya kwafa, ya gyara, ya fassara, ba tare da ya biya ko sisi ba. Na haɗa ku a takarda ɗaya ne domin babu wanda zai iya wannan aiki shi kaɗai a cikinku. NUC ce ke shimfiɗa ƙa'ida, TETFund ne ke riƙe da kuɗi, shugabannin jami'o'i kuma su ke da malamai da maɗaba'a da laburare.

Kun fi ni sanin abin da ya sami Naira. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati, amma a farkon 2024 ta haura 1,500. Littafin likitanci ko injiniyanci da ake sayarwa dala 100 ya tashi daga Naira dubu 46 zuwa sama da dubu 150 ba tare da an ƙara masa ko shafi ɗaya ba. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 dubu 70 ne. Kuɗin ɗawainiya da asusun lamunin karatu na NELFUND ke bai wa ɗalibi dubu 20 ne a wata, kuma a ciki zai ci abinci, ya hau mota, ya sayi data. Uban da ke noma a Dutsin-Ma ko yake tura baro a Kasuwar Kurmi ba zai sayi irin wannan littafi ba ko da ɗansa ne ya fi kowa ƙoƙari a aji. Laburaren ma haka abin yake: kuɗin da a da yake cika shelfi guda, yanzu kwafi ƙalilan yake kawowa, a ajiye su a sashen da ba a fita da littafi, ɗalibai ɗari huɗu su riƙa bin layi.

To me ɗalibanmu ke karantawa? Duk wanda ya zaga shagunan fotokwafi da ke kewaye da kowace jami'a ya san amsar. Handawut ne, wanda aka kwafa daga kwafin kwafi har baƙaƙen sun dushe, zane ya zama dunƙulen tawada. Sai kuma littattafan da wani ya ɗauka a hoto shafi-shafi da wayarsa ya jefa a zauren WhatsApp ko Telegram na aji, rabin shafin a karkace, babi na bakwai ya ɓace, ba a san bugun wace shekara ba ne. Da wannan ake shiga jarrabawa, da shi ake fita da digiri. Ɗalibar koyon jinya da ta haddace adadin magani daga bugun da aka sauya shekaru goma da suka wuce, gobe ita ce a gefen gadon mahaifiyar wani. Wannan ne abin da ke hana ni barci a kan maganar.

Ba na zargin malamai. Na san abin da malamin jami'a ke ɗauka a ƙarshen wata, na san yajin aikin wata tara na 2020 da na wata takwas na 2022 ba don nishaɗi aka yi su ba. Jami'o'i da dama sun haramta tilasta wa ɗalibi sayen handawut, kuma sun kyauta. Sai dai an hana abu ba a kawo madadinsa ba, shi ya sa ya koma ta bayan gida. A waɗancan watanni da aka rufe makarantu, yara sun zauna a gida babu abin karantawa, alhali darussan da za su karanta suna nan a kwamfutocin malamansu.

Akwai bambanci babba tsakanin abin da nake roƙo da abin da ke yawo a wayoyin ɗalibai. Littafin da aka ɗauka a hoto aka watsa, hakkin wani aka ci, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ba ta yarda da shi ba. Jami'a ba za ta iya ɗora shi a shafinta ba, malami ba zai iya gyara kuskuren da ya gani a ciki ba, maɗaba'a ba za ta iya buga shi ba. Buɗaɗɗen littafi kuwa mai shi ne da kansa ya ba da izini tun farko, ya rubuta a shafin farko. Lasisin Creative Commons, wanda aka fara fitarwa a ƙarshen 2002, shi ne aka fi amfani da shi a duniya domin wannan. Nau'insa da ake kira CC BY sharaɗi ɗaya ya gindaya: ka yi abin da kake so da aikin, amma ka ambaci sunan wanda ya yi shi, ka kuma faɗi idan ka sauya wani abu. Marubuci bai rasa haƙƙinsa ba, sunansa na nan, mallakarsa na nan. Abin da ya sauƙaƙe shi ne neman izini, wanda a halin da muke ciki kan ɗauki watanni ko ma ba a samu amsa ba.

Abin ba sabo ba ne. A 2001 jami'ar MIT ta Amurka ta sanar da cewa za ta ɗora kayan darussanta a intanet kyauta, kuma yau suna nan sama da kwas dubu biyu, ba ta kuwa rasa ɗalibai ko daraja ba. A 2002 UNESCO ta yi taro a Faris inda aka fara kiran irin waɗannan kaya da sunan buɗaɗɗun kayan ilimi. A watan Nuwamba na 2019 ƙasashen da ke cikinta, har da Nijeriya, suka amince da shawarar da ta nemi gwamnatoci su buɗe kayan karatun da aka samar da kuɗin jama'a. A gida ma an yi yunƙuri. A 2017, lokacin Farfesa Abubakar Adamu Rasheed yana shugabantar NUC, an tsara manufar ƙasa kan buɗaɗɗun kayan ilimi a manyan makarantu da taimakon hukumar ilimi ta ƙasashen rainon Ingila, wato Commonwealth of Learning, aka kuma buƙaci jami'o'i su ɗora kayansu. Ranku ya daɗe, takardar tana nan a ofisoshinku. Abin da nake nema shi ne a fito da ita daga durowa, a haɗa ta da kuɗi da ƙarin girma, domin manufar da ba ta taɓa aljihu ko matsayin kowa ba, ba mai waiwayarta.

Idan ana son shaida a cikin gida, a dubi Jami'ar Karatu Daga Gida, wato NOUN, wadda aka farfaɗo da ita a 2002. Littattafan kwasa-kwasanta suna shafinta, kowa na iya saukewa. Ku tambayi ɗaliban Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri, za ku tarar da yawa daga cikinsu da littattafan NOUN suke bita, su da ba ɗalibanta ba. Har malamai na leƙawa idan an ba su kwas ɗin da ba su saba koyarwa ba. Ba duka littattafan ne suka kai yadda ake so ba, wasu na buƙatar sabuntawa. Amma sun nuna abu biyu: ƙishirwar tana nan, kuma jami'ar da ta buɗe kayanta ba ta durƙushe ba.

Yanzu bari in juyo gare ku, ranka ya daɗe shugaban TETFund, domin a wajenku maganar ta fi nauyi. Asusun nan gwagwarmayar ƙungiyar malaman jami'o'i, wato ASUU, ta 1992 ce ta haife shi, aka kafa shi da dokar soja a 1993, aka sake masa fasali da suna a 2011. Kuɗinsa daga harajin da ake cira daga ribar kamfanoni yake fitowa, harajin ilimin kuwa ya fara ne da kashi 2 cikin ɗari ya kai kashi 3 a 2023. Kamfanonin nan kuwa daga aljihun mai sayen siminti da sukari da katin waya suke samun ribar. Ke nan kuɗin talaka ne. Da shi kuke tura malamai karatu, da shi kuke ba da tallafin bincike, da shi kuke mayar da rubuce-rubucen malamai littattafai, kuka kuma kafa cibiyoyin wallafa a wasu jami'o'i. Duk aikin alheri ne, Allah ya saka. Amma idan an biya marubuci, an biya masu tacewa, an biya maɗaba'a, aka buga kwafi ƙididdigaggu aka raba wa laburare, sai littafin ya tsaya nan. Ɗalibin da ke Gashuwa ko Mubi ko Birnin Kebbi ba zai taɓa ganinsa ba, ko kuma a ce ya saya. Mahaifinsa ya riga ya biya ta hanyar haraji, yanzu an ce ya sake biya. Ban ga adalci a nan ba.

Gyaran jimla ɗaya ce a takardar yarjejeniya: duk littafin da asusun ya ɗauki nauyinsa, za a sake shi da lasisin CC BY, a ɗora kwafinsa a rumbun intanet na jami'a da na ƙasa a ranar da aka ƙaddamar da shi, kuma a ajiye shi a sigar da za a iya gyarawa, ba hoton shafi kawai ba. An taɓa yin haka a wani wuri. Daga 2011 Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka ta ba kwalejojin koyon sana'a tallafin da ya kusa dala biliyan biyu, ta kuma sa sharaɗin cewa duk kayan karatun da aka samar da kuɗin sai an sake su da wannan lasisi. Kwalejojin sun karɓi kuɗin, sun cika sharaɗin. Wanda ba ya son sharaɗin yana da 'yancin ya kai littafinsa ga kamfanin ɗab'i ya sayar, ba mai hana shi. Wanda ya karɓi kuɗin jama'a kuwa, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ranka ya daɗe shugaban NUC, ku kuma kun buɗe wata ƙofa da ban tabbata an lura da girmanta ba. Manhajar karatun jami'o'i ta CCMAS da kuka ƙaddamar a watan Disamba na 2022 ta ce kashi 70 cikin ɗari na abin da ake koyarwa iri ɗaya ne a duk jami'o'in ƙasar nan, kashi 30 ne aka bar wa kowace jami'a. Jami'o'inmu sun haura 270. Ke nan ɗalibin aji ɗaya a Kalaba da na Katsina abu ɗaya suke karantawa a MTH 101 da PHY 101 da CHM 101 da BIO 101 da GST 111 da GST 112, wato kwasa-kwasan lissafi da kimiyya da na gama-gari. Me zai sa malamai ɗaruruwa, kowa a ɗakinsa, su riƙa harhaɗa handawut ɗaruruwa a kan darasi ɗaya? A tara gwanayen kowane fanni daga shiyyoyi shida, a biya su kuɗi mai kauri, su rubuta littafi ɗaya nagari a kan kowane kwas na shekarar farko da ta biyu, a ba wasu gwanayen su tace, a sake shi. Lardin British Columbia na Kanada haka ya yi a 2012: gwamnati ta zaɓi darussa 40 da suka fi yawan ɗalibai ta ɗauki nauyin buɗaɗɗun littattafansu. Mu da muke da manhaja ɗaya a faɗin ƙasa, namu ya fi nasu sauƙi.

Kada a fahimce ni cewa ina son a ɗaure kowane malami da littafi ɗaya. Amfanin lasisin ke nan: malamin da ya ga babi bai yi masa ba ya cire, ya sa nasa, ya ƙara misalai, ya fitar da bugun jami'arsa. Kuma ba sai an fara daga tushe ba. Shirin OpenStax na Jami'ar Rice da ke Texas, tun 2012 yake fitar da cikakkun littattafan lissafi da kimiyyar lissafi da sinadarai da halittu da tattalin arziki, waɗanda masana suka tace, kuma an yarda a gyara su. Matsalarsu a wajenmu ita ce an rubuta su domin yaran Amurka. Misalan tattalin arzikinsu na kasuwar can ne, tsirrai da cututtukansu na can ne. Malaminmu na aikin gona yana da abin faɗa a kan ƙuduji da ke cinye gero da dawa, da noman rani a Kadawa da Bakalori, da binciken da cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru ta shafe shekaru tana yi. Malamin tattalin arziki yana da kasuwar hatsi ta Dawanau da adashi da cinikin kan iyaka a Jibiya da Illela. Malamin lafiya yana da zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau da cutar sikila da gubar dalma da ta kashe yara a ƙauyukan Zamfara a 2010. A ɗauki ƙashin bayan da aka riga aka gina, a cusa masa namu. Aikin shekara biyar sai ya koma na shekara ɗaya.

Ga shugabannin jami'o'i, malamaina, abin da ke hannunku shi ne ƙa'idar ƙarin girma, kuma a ganina nan ne gizo ke saƙar. Matashin malami ya san abin da zai kai shi babban lakcara ko farfesa: muƙalu a mujallu. Shi ya sa yake cire kuɗi daga albashinsa ya biya mujallar da mutum goma ba za su karanta ba, wani lokaci ma mujallar bogi ce da ba ta tace komai. Idan ya shafe shekara yana rubuta littafin da ɗalibai dubu hamsin za su karanta, kwamitin ƙarin girma kan ba shi maki kaɗan ko ya ce wannan aikin koyarwa ne kawai. To wane mai hankali ne zai zaɓi na biyun? Ku kai maganar majalisar jami'a, a rubuta a ƙa'ida cewa buɗaɗɗen littafin da masana daga waje suka tace yana da maki daidai da littafin da kamfani ya buga, gyara da fassara su ma suna da nasu makin. NUC kuma idan ta zo tantance kwasa-kwasai, bayan ƙirga littattafan da ke kan shelfi, ta tambayi abin da sashen ya rubuta ya buɗe, da yawan ɗaliban da suka same shi. Kowa ya san cewa akan yi aron littattafai a jera kafin zuwan masu tantancewa. Abin da ke rumbun intanet ba ya aruwa, ko yana nan ko babu.

Na sha jin uzurori daga abokan aiki, kuma ba na raina su. Wani ya ce littafinsa ne abincinsa. Gaskiya ne, shi ya sa na ce a biya shi tun farko, biya mai mutunci. Mu faɗa wa juna gaskiya kuma: marubutan littattafan jami'a nawa ne a ƙasar nan ke samun kuɗin kirki daga kamfanonin ɗab'i, alhali masu satar fasaha na buga littafin kafin ya cika wata uku a kasuwa? Kuɗi a hannu ya fi alkawarin kason da ba ya zuwa. Wani ya ce za a sace masa aiki. Ai aikin da ke ɓoye ne ya fi saurin satuwa, domin ba mai shaida. Wanda ke fili da sunanka da kwanan wata, duk wanda ya kwafa ba tare da ambatonka ba, manhajar gano satar rubutu za ta tona shi. Akwai kuma tsoron da ba a cika furtawa ba, na malamin da ya san takardun da yake koyarwa da su sun tsufa, ba ya son abokan aiki su gani. Wannan a bi shi da lalama, a ba shi lokaci da mataimaki, a fara da masu son farawa. Amma kunyar malami ba za ta fi haƙƙin ɗalibi nauyi ba.

Mu da muka taso a ƙasar Hausa bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Kowa ya taɓa ɗaukar Alƙur'ani a masallaci ya ga an rubuta a bangonsa cewa waƙafi ne, ba na sayarwa ba. Wani ya kashe kuɗinsa sau ɗaya domin duk mai shigowa ya karanta. Buɗaɗɗen littafi haka yake, sai dai shi ba ya yagewa, kuma mutum dubu na iya ɗaukarsa a lokaci guda. Malaman Sakkwato da Katsina da Borno sun rubuta littattafai, ɗalibai suka kwafa da hannu suka kai gari-gari, kowane mai kwafi yana ambaton sunan mawallafi yana yi masa addu'a. Nana Asma'u ta tura jajis ɗinta, wato matan da ta horar domin koyarwa, ƙauyuka da waƙoƙin koyarwa a ka, ba ta nemi ko wuri ba. Hadisi ya ce idan ɗan Adam ya mutu ayyukansa sun yanke sai uku, a cikinsu har da ilimin da ake amfana da shi. 'Yan'uwanmu Kirista ma suna karanta cewa kyauta kuka samu, ku bayar kyauta.

Sai dai buɗe littafi a intanet bai isa ba idan ɗalibi ba zai iya kaiwa gare shi ba. A watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Wutar lantarki kuwa kun san halinta. Saboda haka kowace jami'a ta ajiye littattafan a kwamfutar da ke cikin harabarta, ɗalibi ya sauke ta wayafai na makaranta ba tare da data ba. Dabarar ma a nan gida ta samo asali: wani Ba'amurke da ya yi aiki a Jami'ar Jos a ƙarshen shekarun 1990, ganin wahalar intanet a can ne ya sa shi da abokan aikinsa suka ƙirƙiro eGranary, rumbun miliyoyin takardu da ake karantawa ba tare da intanet ba. A tsara littattafan yadda za su karantu a ƙaramar waya, domin ita ce a hannun mafi yawan ɗalibai, ba laftof ba. A nemi NCC da kamfanonin waya su cire kuɗin data a kan rumbun ƙasa, kamar yadda Afirka ta Kudu ta yi wa shafukan ilimi a lokacin annobar 2020. Kuma kada a raina takarda. Maɗaba'ar jami'a ta buga littafin a takarda mai araha ta sayar a kuɗin bugu, mai shagon fotokwafi ma ya buga ya sayar da halalinsa, tunda lasisi ya yarda. Matar aure da ke karatu da goyo, wadda sai yara sun yi barci take buɗe littafi, ita da takarda ta fi sabawa.

Ɗalibai makafi su ma suna cikin maganar. Manhajar da ke karanta musu rubutu ba ta iya karanta hoton shafi, don haka duk abin da ke yawo a WhatsApp ba nasu ba ne. Littafin da aka ajiye a sigar rubutu kuwa ana iya saurarensa ko a mayar da shi rubutun makafi a rana ɗaya.

Kundayen digiri na biyu da na uku su ma abin tausayi ne. A sassa da yawa suna jibge a ɗakin ajiya, ƙura da gara na cinsu, alhali wasunsu su kaɗai ne binciken da aka taɓa yi a kan wani ƙauye ko wata cuta ko wata sana'a. Jami'ar Ahmadu Bello ta kafa rumbunta na Kubanni inda ake samun kundaye da yawa, kuma ya kamata sauran su bi sahu. A sa a ƙa'ida cewa ba a ba da shaidar kammalawa sai an miƙa wa laburare kwafin kwamfuta. Wannan ba ya cin kuɗi mai yawa, kuma ma'aikatan laburare a shirye muke.

Akwai abin da ya fi komai kwanta mini a rai, shi ne fassara. Yaro ya fito daga sakandaren gwamnati a ƙauye, ya ci jarrabawa da ƙyar, ya shigo aji ɗaya. Ba wai ba shi da ƙwaƙwalwa ba ne, Turancin littafin ne ke tsaya masa a wuya. Ku leƙa azuzuwan bita da ɗalibai ke yi wa junansu da daddare, za ku ji da Hausa ake warware lissafin da aka koyar da Turanci da safe. Ba ina cewa a daina koyarwa da Turanci ba. Ina cewa a ba shi jagora da harshensa a gefen littafin, ya fahimci ma'ana sannan ya koma ga Turancin. Littafin kamfani ba ya fassaruwa sai da izini da kuɗi. Buɗaɗɗe kuwa, sashen Hausa na kowace jami'a da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero za su iya ɗauka gobe, su zauna da malaman kimiyya su fassara, ɗaliban digiri na biyu su yi shi a matsayin aikin kundinsu. Haka za a yi da Yarbanci da Ibo da Fulatanci da Kanuri. Amfanin kuma ba zai tsaya a jami'a ba, zai kai kwalejojin ilimi da makarantun jinya da na kiwon lafiya. Zai ma tsallaka iyaka. Jamhuriyar Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, kuma ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ko André Salifou ta Damagaram, wanda Turancin Ingilishi ya raba shi da littattafanmu, zai karanta na Hausa kai tsaye.

Ranku ya daɗe, ba na neman sabon gini ko sabuwar hukuma ko taron ƙaddamarwa a Abuja. Ina roƙon TETFund ya sa sharaɗin lasisi a yarjejeniyar littattafan da zai ɗauki nauyi daga zagaye mai zuwa. Ina roƙon NUC ta zaɓi kwasa-kwasan aji ɗaya guda goma da suka fi yawan ɗalibai, ta naɗa marubuta da masu tacewa, ta sa ranar da za a miƙa aiki, ta kuma bayyana ranar ga jama'a domin mu riƙa tambaya. Ina roƙon ko da shugaban jami'a ɗaya daga Arewa ya kai gyaran ƙa'idar ƙarin girma gaban majalisarsa a wannan zangon karatu, ba tare da jiran Abuja ba, domin dokar jami'arsa ta ba shi wannan iko. Mu ma'aikatan laburare za mu ɗauki nauyin tattarawa da jerawa da adanawa, mu koya wa malamai yadda ake sa lasisi, kuma za mu fara da duk sashen da ya fara turo mana.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Wassalam,
Naku,
Ma'aikacin laburare a wata jami'ar gwamnati a Arewa.